Wa Ya Ba Mai Riƙe Katin Albashinka Lasisi?

Wannan shi ne jawabin da na gabatar a zaman tattaunawar 'yan tafiyarmu na wannan watan. 'Yan uwan da ba su samu halarta ba sun nemi a ɗora shi a shafi, to ga shi kamar yadda aka faɗe shi, in ban da ɗan gyaran rubutu.



 

Na san akwai mai cewa a ransa, taron siyasa ne, me ya kawo maganar bashi? To ai bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mutumin da kuke zuwa ƙofar gidansa neman ƙuri'a, kuna magana yana gyaɗa kai, amma zuciyarsa tana wajen wanda ke bin sa kuɗi. Tambayar da na zo da ita yau ita ce: wanda ke ba talaka bashi, na cefane ne ko na babur ko na gida, wa ya ba shi izini, wa ke duba littafinsa, kuma idan ya yi zalunci ƙofar wa za a buga? Rabin amsar tana nan cikin jiha, a majalisar dokokinmu, ba sai an hau mota zuwa Abuja ba.

Mu fara da wanda kowa ya sani. Da wuya ka samu garin da ke da sakatariyar ƙaramar hukuma babu irinsa. Ba shi da allo, ba shi da ofis, ɗan shago ne ko bencin ƙofar gida. Amma ka buɗe aljihun teburinsa, katunan cirar kuɗi ne na malaman firamare da ma'aikatan asibiti da masinjoji, an ɗaure su da roba, kowane kati da lambar sirrinsa. Ranar albashi alat zai shiga wayar malam, kuɗin kuma a hannun wani za su fito.

Ku zo mu yi lissafi tare, don abin nan sai da lissafi ake ganin muninsa. A ce malam ya karɓi naira 100,000 a kan ruwan kashi 20 cikin 100 duk wata. Kowane wata za a cire masa 20,000, kuma wannan ruwa ne zalla, uwar kuɗin ba ta motsa ba. Bayan wata 5 ya biya 100,000 cif, ana kuma bin sa 100,000 cif. In ya shekara a haka ya biya 240,000, har yanzu abin da ya karɓa ranar farko yana wuyansa. Ku tuna mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. A cire 20,000, me ya rage wa gida mai mutum bakwai? Dole kafin tsakiyar wata ya koma wajen mutumin nan ya ƙaro. Sannan mu zauna muna mamakin me ya sa malami ba ya zama a aji, ƙarfe goma ya bar yara ya tafi acaɓa.

Na biyu yana cikin wayarka. Manhajar ba da bashi, ba ta neman mai tsaya maka, ba ta neman jingina, minti biyar kuɗi sun shigo. A ce ta ba ka 10,000 ka biya 13,000 cikin kwana 7. Ka ga kamar 3,000 ba wani abu ba ne. Kashi 30 ne fa a mako guda, in ka buga shi sau 52 ya zama kashi 1,560 a shekara. Jinginar da suka karɓa kuwa mutuncinka ne, domin kafin su ba ka sun nemi izinin shiga lambobin da ke wayarka da hotunanka, ka danna ka yarda. Ka makara kwana biyu, sai surukinka da limamin unguwarku da tsohon maigidanka su samu saƙo cewa kai macuci ne ana nemanka ruwa a jallo. Wasu har sanarwar rasuwar mutum suke haɗawa da hotonsa, alhali yana raye.

Na uku shi ne na jingina. Mutum ya shiga matsi, asibiti ne ko aurar da 'ya, ya ɗauki takardar gidansa ya kai. Sai a ce masa, kada mu rubuta jingina, mu rubuta an sayar, in ka dawo da kuɗin nan da wata shida sai a yaga takardar. Wata shida ya cika da kwana uku, gidan miliyan goma ya tafi a kan miliyan biyu, kuma ga sa hannunsa ga shaidu. A ƙauye kuma ba-da-kaka na nan yadda kakanninmu suka san shi, a ba ka buhu ɗaya da damina ka biya biyu da kaka.

To wa ke da alhakin waɗannan mutane?

Kundin tsarin mulki na 1999 yana da jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma harkar banki tana ciki. Shi ya sa Babban Bankin Nijeriya ne ke ba manyan bankuna lasisi, da ƙananan bankuna, da bankunan lamunin gidaje, da kamfanonin hada-hadar kuɗi, a ƙarƙashin dokar bankuna da aka sabunta a 2020. Shi ke bayarwa, shi ke ƙwacewa. A watan Mayun 2023 ya soke lasisin ƙananan bankuna 179, da bankunan lamunin gidaje 4, da kamfanonin kuɗi 3. Wannan duk na Abuja ne, babu gardama.

Amma mutumin da ke juya kuɗinsa yana ba da bashi, ba ya karɓar ajiyar jama'a, wannan ba banki ba ne. Ba ya cikin wancan jerin, kuma ƙa'idar tarayyarmu ita ce abin da kundin bai ba tarayya ba, na jihohi ne. Lasisin mai ba da bashi, jiha ke bayarwa. Ku maimaita wannan a ranku. Duk lokacin da aka tozarta wani a kan bashi sai mu hau Facebook mu zagi Abuja mu kwanta. An bar jaki ana dukan taiki.

Kuma dokar tana nan, ba yau aka fara ba. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo ta, sun kwaikwayo tasu ta Ingila ta 1927, jihohi suka gada kowacce ta sa a kundinta. In kun karanta ta za ku yi mamakin yadda ta san halin mutanen nan. Kafin ka fara sana'ar sai ka je gaban majistare ya ba ka takardar shaida cewa kai mutumin kirki ne, sannan a ba ka lasisi, kuma duk shekara sai ka sabunta. Sai an rubuta yarjejeniya mai karɓar bashi ya sa hannu, an ba shi kwafinsa. Sai ka ajiye littafi da ke nuna nawa ka bayar, yaushe, a kan ruwa nawa. Duk kuɗin da aka biya ka sai ka ba da rasit. An hana ɗora ruwa a kan ruwa. An sa iyaka ga ruwan kansa: a dokar Legas, wadda ita aka fi ambata, bashin da babu jingina ba ya wuce kashi 45 cikin 100 a shekara. A shekara fa na ce. Mai katin malam yana cin wannan cikin wata biyu da 'yan kwanaki.

Akwai wata shari'a da duk ɗalibin lauya a ƙasar nan ya karanta, ta Kasumu da Baba-Egbe. Baba-Egbe ya jinginar da filinsa wajen mai ba da bashi, kuma mai lasisi ne, ba ɗan bayan fage ba. Laifinsa ɗaya, bai ajiye littafin nan da doka ta ce ya ajiye ba. Magana ta yi ta hawa har Landan, inda a wancan zamanin ake kai ƙarar ƙarshe daga Nijeriya. A 1956 aka yanke hukunci: a mayar wa Baba-Egbe takardunsa da filinsa, kuma ba a ɗora masa sharaɗin sai ya biya ba. Dalilin alƙalan shi ne, idan kotu ta tilasta a biya wanda ya karya dokar, to kotu ce da kanta ta rushe dokar. Yau shekara kusan 70 ke nan. Ku gaya mini, cikin masu riƙe katunan ma'aikatanmu, mutum nawa ne ke da lasisi, balle littafi?

Matsalar dokar ita ce tsufa da barci. A waccan ta Legas, ma'aunin da ake raba ƙaramin bashi da babba wajen lissafin ruwa naira 1,000 ne, kuɗin da yau ba sa sayen mudun shinkafa. Tarar da ke cikin irin waɗannan dokoki, mai laifi zai biya ta da canjin aljihunsa ya yi dariya. An rubuta su lokacin da babu waya, babu katin cirar kuɗi, babu kamfanin da zai zauna a Legas ya ba mutumin Gusau bashi ba su taɓa ganin juna ba. Ga shi kuma babu wanda aka ɗora wa aikin bi shago-shago ya ce ina lasisinka.

Da jihohi suka yi barci, ƙorafi ya yi yawa, sai hukumomin tarayya suka shigo ta ƙofar da suke da ita. A Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta ci wani kamfanin bashin waya, Soko Lending, tarar naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu karɓar bashi. A Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, lokacin Babatunde Irukera na shugabantarta, ta kai samame ofisoshin irin waɗannan kamfanoni a Ikeja, daga baya a shekarar ta fito da tsarin rajista na wucin gadi. Daga ƙarshen Mayun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa shiga lambobin waya da hotunan mutane. Sannan a Yulin 2025 FCCPC ta fito da cikakkun ƙa'idoji: tara har naira miliyan 100 ko kashi 1 cikin 100 na cinikin kamfani, kuma ana iya hana daraktocinsa riƙe irin wannan muƙami har shekara 5. Wanda ya yi daidai a ce ya yi daidai, ko daga wace jam'iyya yake. Wannan aiki ne mai kyau.

Sai dai ku lura da inda hannunsu ya tsaya. Duk wannan a kan bashin waya da intanet ne. Mai aljihun tebur cike da katuna ba shi da manhajar da za a goge. Mai karɓar takardar gida ba ya cikin rumbun Google. Mai ba-da-kaka bai taɓa jin sunan FCCPC ba, ita ma ba ta da ma'aikacin da zai je kasuwar ƙauyensu. Waɗannan namu ne, in jiha ba ta taɓa su ba babu mai taɓa su.

Yanzu bari in zo kan maganar da na san tana cin wasu malamanmu tun da na fara. Za a ce, riba haramun ce, ta yaya jihar Musulmi za ta ba mai cin riba lasisi, ai ta halatta masa ke nan. Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ina ganin ita ce ta sa 'yan majalisarmu ke tsoron taɓa dokar, kowa na gudun a ce shi ne ya kawo ƙudurin riba. Ni ba malami ba ne, fatawa ta malamai ce. Amma ga abin da ido ke gani. Tun daga Zamfara a 1999 jihohi 12 suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, yau fiye da shekara 25. Shin bashi da ruwa ya ragu a garuruwanmu? Shirun da muka yi bai hana riba ba, ya dai ba ta duhun da take so. Wanda ya fi kowa jin daɗin rashin rajista shi ne mai cin kashi 20 a wata.

Kuma wa ya ce lasisi na masu ruwa ne kaɗai? Doka za ta iya cewa duk wanda ya mayar da ba da bashi sana'a, ko sayar da kaya a biya kaɗan-kaɗan, sai ya yi rajista, sannan ta buɗe babi na musamman ga murabaha da ijara da bashin taimako marar ruwa, ta sauƙaƙa musu kuɗin rajista, ta sa kwamitin malamai masana mu'amala su duba takardunsu. Babban Banki ya yi irin wannan a matakinsa, shi ya sa Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Su ma masu cewa babu ruwa a cinikinsu suna bukatar ido, don mun ga inda ake ninka kuɗin babur sau biyu a kira shi ciniki, yaro ya biya saura kaɗan, ya yi fashin mako biyu a ƙwace. Alhali dokar sayen kaya a biya kaɗan-kaɗan ta 1965 ta ce abin hawa mai inji, in an biya kashi 3 cikin 5 na kuɗinsa, ba a raba mai saye da shi sai ta hanyar kotu. 'Yan adaidaita nawa ne suka san wannan? Rubuta bashi da kafa masa shaidu kuwa, ba Bature ne ya koya mana ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan haka ta sauka. 'Yan uwanmu Kiristoci da ke zaune a nan su ma katin albashinsu yana cikin aljihun teburin nan, dokar ta kowa ce.

Bari in ɗan kai ku Amurka, don tsarinsu na tarayya ne kamar namu, kuma sun riga mu faɗawa ramin. A can ma jihohi ne ke ba kamfanonin bashi da dillalan lamunin gida lasisi. A 1978 kotun ƙolinsu ta yanke cewa bankin da ke da lasisin tarayya zai iya cajin ruwan da jihar da yake zaune ta yarda da shi, ko da mai karɓar bashin yana wata jihar da ta hana. Nan take jihar Dakota ta Kudu ta ga kasuwa, a 1980 ta cire iyakar ruwa, a 1981 Citibank ya kwashe sashen katin bashinsa ya koma can. Jiha ɗaya ta buɗe ƙofa, ƙasa gaba ɗaya ta sha iska. Wannan shi ne abin da ke faruwa da mu in kamfani ya karɓi takarda a wata jiha ya zo yana cin mutanenmu ta waya. Dokarmu dole ta ce, in dai mai karɓar bashin mazaunin jihar nan ne, sai ka yi rajista da mu.

A 1999 jihar Karolina ta Arewa ta yi dokar hana cutar mutane a lamunin gida, wasu jihohi suka bi. A 2004 hukumar tarayya mai kula da manyan bankuna ta ce dokokin jihohi ba su hau kan bankunanta ba. Shekara 4 bayan haka kasuwar gidaje ta rushe, miliyoyin iyalai suka rasa muhalli, girgizar ta iso har kasuwar hannun jarinmu ta Legas. Sai a 2008 suka yi dokar da ta ce duk mai haɗa wa mutane lamunin gida a kamfanin da ba banki ba sai ya yi karatun awa 20, ya ci jarrabawa, an ɗauki zanen yatsunsa an binciki tarihinsa, an ba shi lamba ɗaya da za ta bi shi duk jihar da ya koma. Kowa zai iya shiga intanet kyauta ya buga sunansa ya ga ko an taɓa hukunta shi. Jihohin ne da kansu suka haɗu suka gina rumbun. Me zai hana gwamnonin Arewa 19, da suke taro a Kaduna kullum, su yi rumbu ɗaya, wanda aka kora a Katsina kada ya buɗe shago a Jigawa? Abin dariyar ma, mutanen Dakota ta Kudu ɗin nan, a 2016 suka fito ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi uku cikin huɗu suka amince a ƙayyade ruwan masu ba da bashin gaggawa a kashi 36 a shekara. Wanda ya fara jin zafi shi ne mai gidan.

Mu dawo gida, kan maganar lamunin gida, domin nan ne ikon gwamna ya fi fitowa fili. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, kuma sashe na 22 ya ce ba ka jinginar da filin da ke da takardar gwamnati sai da amincewarsa. A 1989 kotun ƙoli ta yi hukunci a shari'ar bankin Savannah da Ajilo. Mutum ya jinginar da gidansa ya karɓi kuɗi, da aka zo sayarwa ya ce ai ba a nemi amincewar gwamna ba, kotu ta ce jinginar ta ɓaci. Daga baya kotuna sun yi ta ƙoƙarin rage kaifin hukuncin, amma bankuna sun riga sun ɗauki darasi: babu takardar shaidar mallaka, babu sa hannun gwamna, babu kuɗi.

To ku dubi ma'aikacinmu. Tun dokar asusun gidaje ta 1992 ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikacin da ke cikin tsarin, a kai bankin lamunin gidaje na tarayya, da alƙawarin zai iya karɓar lamuni a kan kashi 6 a shekara ya biya har cikin shekara 30. Wani yana gudun kashi 6 ɗin saboda addini, wannan hujja ce, kuma ya kamata a matsa a ba shi hanyar ijara. Amma wani ko yana so ba zai samu ba, don filinsa takardar mai unguwa ce da ta dillali, fayil ɗinsa kuma ya shekara uku a ma'aikatar ƙasa ana ce masa oga bai sa hannu ba. Mutumin da banki ya rufe wa ƙofa saboda takarda, shi ne gobe zai kai wannan takardar mai unguwar wajen mai cewa mu rubuta an sayar. Jinkirin teburin gwamnati shi ke kai wa azzalumi kasuwa. Kaduna ta kafa hukumar rajistar filaye ta zamani a 2015, ta kuma yi dokar jinginar gidaje a 2017. Ba sai muna son wanda ya yi ba kafin mu karanta mu ɗauki abin da ya dace da mu.

Abin da nake so mu nema a wajen 'yan majalisarmu ba shi da tsada. Babban abu shi ne rajista a bayyane, wadda malamin firamare zai buɗe a wayarsa ya ga sunan duk mai lasisi a ƙaramar hukumarsa. Wanda babu sunansa, kotu ba za ta karɓar masa ko kwabo a kan uwar kuɗinsa ba. Sai takarda shafi ɗaya, da Hausar boko da ajami da Turanci, mai layi uku: nawa aka damƙa maka a hannu, nawa za ka biya gaba ɗaya, ranar yaushe. A rubuta da naira, kada a ɓoye a bayan kashi kaza cikin ɗari. Riƙe katin cirar kuɗi ko lambar sirri ko katin zaɓen mutum ya zama laifi, haka tura wa dangi saƙon tozarci. Duk takardar da aka rubuta sayarwa alhali jingina ce, kotu ta ɗauke ta a matsayin jingina.

Akwai wanda ma ba ya bukatar sabuwar doka, takardar umarni ɗaya ta isa. Ofishin akanta janar da ma'aikatar ƙananan hukumomi su ne ke ba kamfanoni damar cire bashi kai tsaye daga albashi. Kada a ba wanda ba shi da lasisi, kuma duk abin da za a cire kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, wanda shi ne ma'aunin da dokar ƙwadago ta sa wa ma'aikatan da ta shafa. Amincewar gwamna kan jingina kuma a wakilta wa kwamishina, a sa mata wa'adi, in kwanakin sun cika ba a ba da amsa ba a ɗauka an amince.

Amma ina da gargaɗi, kuma ga namu nake yi, don mun san halinmu. Ranar da hukumar tara haraji ta ga ƙudurin nan za ta ga sabuwar saniyar tatsa. In aka sa lasisi miliyan biyar, babu mai zuwa, kowa zai koma bencinsa. A bar adashin mata, a bar ƙungiyoyin gama kai, a bar mai shagon da ke ba maƙwabci shinkafa zuwa ƙarshen wata, a bar aboki da ya ranta wa aboki. Kada kuma ta zama sandar dukan ɗan kasuwar da ba ya tafiyarmu, don mulki juyawa yake, sandar da ka sassaƙa yau gobe a bayanka za ta sauka. Iyakar riba ko ruwa ma a yi ta da lissafi, a kira masu sana'ar a zaman jin ra'ayin jama'a su faɗi nawa suke asara, domin in ka matse ta fiye da kima masu gaskiya ne za su fita, a bar mana marasa tsoron Allah.

Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muna da masu karɓar bashi da niyyar ba za su biya ba. Mun ga yadda aka yi da lamunin manoma da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, da yawa suka ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa. Duk wanda ya ƙi biya, maƙwabcinsa mai gaskiya ne ke biyan kuɗin a tsadar bashi na gaba. Saboda haka dokar da za ta ɗaure mai bayarwa dole ta ba shi hanyar karɓar haƙƙinsa da sauri. Kotunan ƙananan ƙararraki, irin waɗanda Legas ta buɗe a 2018 Kano ta bi a 2019, su ne wurin wannan, tare da Hisba da zaurukan sulhu a inda suke.

Shugaba, na ga kana duba agogo, saura kaɗan. Aikin da nake roƙo a raba kafin mu tashi shi ne, wakilin kowace ƙaramar hukuma ya je wajen ɗan majalisar jiha na mazaɓarsa, namu ne ko ba namu ba, cikin ladabi, ya tambaye shi: ranka ya daɗe, wace ma'aikata ce ke ba masu ba da bashi lasisi a jihar nan, mutum nawa ta ba a bara, kuma yaushe rabon da a gyara dokar? A rubuto amsar yadda ya faɗa, in ya ce bai sani ba a rubuto hakan, za mu ɗora a shafi da sunan mazaɓa. Lauyoyinmu kuma su samo mana kwafin dokar daga ma'aikatar shari'a, su fassara ta da Hausa, a zama na gaba mu karanta ta sashe-sashe mu fitar da daftarin gyara. Iyayenmu mata, ku kuka fi kowa sanin gidajen da abin ya shafa, a tattaro mana labaran ba tare da sunan kowa ba, don ranar jin ra'ayin jama'a mu shiga majalisa da hujja a hannu.

 Wanda ke da tambaya, ga makirufo nan.